Sunan da Aka Rubuta da Fensir

Akwai wani malamin jami'a da kowa ke kira Gwani. Shi ne shugaban sashen saƙa a makarantar sana'o'in hannu ta jami'ar, kuma idan ya shigo aji, ɗalibai har numfashi a hankali suke yi.

Ya iya magana, ya iya zane a allo. Ya kuma iya ɗaga kwandon ɗalibi da yatsu biyu kamar ya tsinci mushen ɓera, ya juya shi a gaban aji ya ce, "Wannan kwando ne, ko hula ce aka zauna a kai?" A kwashe da dariya, mai kwandon ya sunkuyar da kai.

Abu ɗaya ne ba a taɓa gani ba, wato Gwani riƙe da basilla. Kullum akwai farin bandeji naɗe a wuyan hannunsa na dama. Ya ce jijiya ce ta taɓu tun yana saurayi, likita ya hana shi ɗinki. Shekara goma sha tara bandejin nan yana wurin, ana wankewa ana mayarwa.

Babu wanda ya tuhume shi, domin shaidarsa tana ƙasa, a ma'ajiya.

Ma'ajiyar a ƙarƙashin ginin makarantar take. Sai ka sauka matakala ashirin da biyu kafin ka tarar da ƙofarta ta ƙarfe. Ɗaki ne mai tsawo, babu taga ko ɗaya, sai fitilu da wata fanka da ke kuka kamar an yi mata dole. A nan ake ajiye aikin da ya fi kyau na kowace shekara tun kafuwar makarantar: kwanduna, tukwane, jakunkunan fata, zannuwan saƙi, kujerun sassaƙa. Kowane abu da lambarsa ɗaure da zare. Kowace lamba da katinta a durowa, ɗauke da sunan wanda ya yi aikin, da shekarar, da abin da aka yi shi da shi.

Mai kula da wurin wata dattijuwa ce da ake kira Mai Makulli. Da shara ta fara aiki a ɗakin. A jikin katunan nan ta koya wa kanta karatu, tana haɗa lamba da suna, har tsohon ma'ajin ya lura. Da idonsa ya fara rauni sai ya riƙa ba ta rubutun katin, da ya ajiye aiki aka bar mata makullin, don babu mai son wuni a rami. Gwani dai bai taɓa kiranta komai ba sai "ke mai shara".

A ƙarshen ɗakin akwai akwatin gilashi, a cikinsa akwai lamba 412. Kwando ne mai murfi, tsayinsa ya kai gwiwa. Irin saƙar nan ce da ake naɗe siririn damin ciyawa zagaye bisa zagaye, ana ɗinke kowane zagaye da na ƙasansa da tsagin kaba. Ɗinkin a jere yake kamar haƙoran mataji. Abin da ya fi ɗaure wa malamai kai shi ne, ɗinkin kowa dama yake kwantawa, shi kuwa wannan hagu ya kwanta, tun daga gindi har murfi, babu inda ya kauce. Suka ce sabon salo ne. Har suna suka sa masa: ɗinkin Gwani.

To, ku matso ku ji. Ba shi ya saƙa kwandon ba.

Yayarsa ce ta saƙa. Iyayensu sun rasu yana ƙarami, ita ta riƙe shi, da basilla da kaba ta ciyar da shi har ya shiga jami'a. Bahaguwa ce. Tana yarinya ta sha duka a kan hannun nan, an ɗaure shi, an sa mata barkono, amma ya ƙi sakin basilla, har aka gaji aka ƙyale ta.

Shi kuwa Auta, kamar yadda take kiransa, kai ne da shi, babu hannu. A shekararsa ta ƙarshe ya kawo mata aikin da zai miƙa na kammalawa. Ta duba, ta juya, ta ce, "Auta, wannan ko kaza ba za ta yarda ta yi ƙwai a ciki ba."

Ya yi kuka, ya ce in ya faɗi, wahalarta ta shekaru ta tashi a banza. Ya ce don ya wuce ne kawai, babu wanda zai sake waiwayar kwandon. Ta jawo kaba. Kwana arba'in ta yi a kansa.

Kwandon bai tsaya a wucewa ba. Ya zo na ɗaya, aka sa shi a ma'ajiya, aka riƙe Auta a matsayin malami, aka laƙa masa Gwani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar yabo.

Ranar da aka fara nuna kwandon ga jama'a, Yaya ta ɗaura zaninta mafi kyau ta zo kallo. Yana tsaye cikin manyan malamai ya hango ta a bakin ƙofar makaranta. Ya dubi hannunta na hagu, yatsun duk kanta da yankan kaba, ya ji tsoron malaman su gane. Ya aika a gaya wa mai gadi cewa matar can ba ta da katin shiga. Ta koma gida. Ba ta taɓa tayar masa da maganar ba, shi kuma ya mayar da zumuncin aike, wata-wata direba ya kai mata kayan abinci.

Da ya zama shugaban sashe sai ya zauna ya rubuta wa ma'ajiya dokoki. Duk wanda ba shi da katin jami'a, kada ya taka matakalar. Kada a fitar da komai daga ginin, ko na awa ɗaya ne. Waɗannan biyun ya san wadda ya yi dominta. Sai ya ƙara ta uku don a ce ya san darajar aiki: idan abu ya lalace, wanda ya yi shi ne kaɗai zai gyara, matuƙar yana raye. A tunaninsa abin da ke cikin gilashi ba ya lalacewa. Ya sa hannu, aka sa takardar a firam, aka rataye ta a jikin ƙofar ƙarfen.

Kada ku ɗauka yana cikin daɗi. Mutumin nan a kurkuku yake, sai dai shi ke riƙe da makullin. Idan ɗalibi ya ce, "Malam, ɗan nuna mana," sai ya shafa bandeji ya huce haushinsa a kan ɗalibin. Idan aka gayyace shi taron masu sana'a, sai ya ƙirƙiro tafiya. Ko a gida, a banɗaki kawai yake kwance bandejin, fatar wurin har ta fi sauran jikinsa haske. Matarsa takan shafa wa lafiyayyen hannu man zafi tana yi masa sannu, yana amsawa.

Ana nan aka tafi dogon hutu. Wani bututun ruwa da ya bi ta saman ma'ajiyar ya tsage, ya riƙa ɗiga kaɗan-kaɗan a kan akwatin gilashin, ruwan ya sami kafa ya shiga. Ranar da aka dawo, Mai Makulli ta tarar da gefen lamba 412 ya yi baƙi. Zagaye shida sun ruɓe, faɗin tafin hannu.

Shugaban makarantar da kansa ya sauko ya gani. Mutum ne mai fara'a, mai son taro. Maimakon ya ɓata rai sai ya tafa hannu.

"Gwani, ai wannan alheri ne ya zo a rufe! Saura sati uku makaranta ta cika shekara hamsin. Za mu hau da kwandon babban zaure, ka zauna ka gyara shi a gaban ɗalibai da baƙi. Yaran nan ba su taɓa ganin ɗinkinka da idonsu ba."

Gwani ya kama wuyan hannunsa. "Ranka ya daɗe, ka san lalurar."

"Zagaye shida ne fa. Amma kana da gaskiya, mun yi sakaci da kai. Gobe mu je asibitin jami'a a ɗauki hoton hannun, a san abin da ke ciki."

Gwani ya saki wuyan hannun. Hoto ba ya ƙarya, kuma ba ya jin kunya.

"A'a, ba sai an je ba," ya ce da sauri. "Kwanan nan ma ya yi sauƙi."

"Madalla! Ka ga an gama magana."

Da bakinsa ya rufe wannan ƙofar.

Da Shugaba ya fita, Gwani ya tsaya yana kallon kwandon. Can ya juyo, ya sassauta murya.

"Baba Mai Makulli."

Ta ɗago daga kan katunanta. "Yau kuma ni ce Baba? Allah ya sa lafiya."

"Zan tafi da shi gida kwana biyu, in duba shi a natse."

Ta miƙa tsinken tsintsiya ta nuna masa firam ɗin da ke jikin ƙofa, layi na biyu.

"Ni na rubuta dokar, ni zan iya ɗaga ta."

"Sai ka rubuto a takarda, Shugaba ya sa hannu, a faɗi dalili. Haka ka ce a ƙasa, da ƙananan baƙaƙe."

"To, akwai wata mata da nake so ta zo ta taya ni jiƙa kaba."

"Tana da kati?"

Ya dubi firam ɗin.

"In ba ta da kati, layi na ɗaya. In ma tana da shi, ba za ta taɓa ba, layi na uku. Malam, dokokinka masu kyau ne, ko ɓera bai bar wa kafa ba."

Ya hau matakalar nan ashirin da biyu kamar mai ɗauke da buhu. Ya yi tunanin ya kwanta ciwo, ya ga ciwo yana warkewa, kwandon zai jira shi. Ya yi tunanin ya ajiye aiki, ya ga dokar ba ta ce matuƙar yana aiki ba, cewa ta yi matuƙar yana raye. Gaba kura, baya sayaki. Bayan la'asar sai ga motarsa a ƙofar gidan da ya shekara huɗu bai taka ba.

Yaya tana zaune a baranda, kwano da jiƙaƙƙiyar kaba a gefenta, wani ƙaramin kwando a cinyarta. Ta tsufa, amma hannun hagun nan yana tafiya kamar ba ya taɓa ƙasa.

"Lale da direba," ta ce ba ta ɗago ba. "Af, ashe mai motar ne da kansa. Auta, hannun bai warke ba har yanzu? Ciwon nan fa ya girmi 'yarka."

Ya durƙusa ya gaishe ta. Ya zayyana mata komai, ruwan, da zauren, da sati ukun.

"Kawo shi in gyara."

"Ba a fitar da shi."

"To, kai ni wurinsa."

"Ba a shiga sai da kati."

"Wane azzalumi ne ya kafa wannan?"

Ya dubi ƙasa. Ta dube shi, ta gane, ta yi wata 'yar dariya mara daɗi.

"Yaya, ki koya mini. Zagaye shida ne kawai."

"Da hagu? A sati uku? Ni shekara hamsin na yi da hannun nan, da dukan da na sha a kansa. Kai kana so ka saya a kanti." Ta tura masa kwanon da ƙafa. "Zauna. Ba zan hana ka gwadawa ba, kada ka ce Yaya ta ƙi ka."

Kullum bayan an tashi daga aiki sai ya zo. Ya cire babbar riga, ya zauna a tabarma, ya riƙe basilla da hagu kamar mai riƙe da maciji. Idan ya huda, kabar ta tsage. Idan bai tsaga ba, ɗinkin ya saki. A kwana na biyar basillar ta zame ta shige masa wuyan hannun dama, jini ya ɓata farin ƙyallen.

"Alhamdu lillahi," in ji Yaya. "Yau dai bandejin ya sami aikin yi."

Wata rana, yana fama, ya ce da ita ba tare da ya ɗago ba, "Kina jin haushina a kan sunan?"

"Suna? Sunan zan ci?" Ta gyara zama. "Abin da ke damuna daban ne. A cikin murfin kwandon nan, zagaye na tara daga tsakiya, akwai ɗinki uku da na tsallake. Kana tsaye a kaina kana cewa Yaya yi sauri, mota za ta tashi. Na ce in an gama dubawa ka dawo mini da shi in cike. Ranar da na zo makarantarku, da basillata na zo, a ƙulle a bakin zani. Ba yabo na zo karɓa ba. Shekara goma sha tara, duk kwandon da na gama sai ɗinki ukun nan sun faɗo mini a rai."

Gwani ya ajiye basillar. Shi da ya rubuta takardu a kan kwandon, ya yi lacca a kansa, bai taɓa sanin akwai gurbi a cikin murfin ba.

Ana gobe taro, da hantsi, ya sauka ma'ajiya da kabarsa da basillarsa. Ya ce zai fara gwadawa. Mai Makulli ta buɗe gilashin, ta shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, ta ɗora kwandon.

"Katin ya ce kai ne mai shi," ta ce. "Bismilla."

Ya gwada da hagu, ya kasa ko huda wurin da ya dace. Ya mayar da basillar dama, ya yi ɗinki goma sha biyu. Da ya ja baya ya duba, sai ya ga nasa sun kwanta dama, na asalin sun kwanta hagu, sun juya wa juna baya kamar maƙwabtan da ba sa ga maciji. Ko yaron da ya shigo makarantar jiya zai gane hannu biyu ne.

"Warware kafin ta bushe," in ji Mai Makulli. "In ta bushe sai ta ci na kirkin."

Ya warware. Fankar tana ta kukanta. Ya ji ɗakin ya matse, kamar bangon yana matsowa.

Mai Makulli ta jawo durowa, ta zaro katuna biyar ta jera a gabansa: 410, 411, 412, 413, 414.

"Kai mai ilimi ne. Duba ka gaya mini bambancinsu."

Ya duba. Huɗu da tawada aka rubuta su. A na tsakiyar, lambar da shekarar da tawada ne, amma sunansa da fensir.

"Ni na rubuta katin nan ranar da ka kawo kwandon," ta ce. "Uwata bahaguwa ce, a gindin kwandunanta na girma. Mai dama zai iya juya ɗinki na zagaye ɗaya ko biyu don burgewa, amma hannunsa sai ya koma gida. Wannan bai koma ba ko sau ɗaya. Kai kuwa da dama ka ɗauko shi, da dama ka sa hannu. Na tambaye ka zagaye nawa ne don in rubuta, sai da ka sa yatsa ka ƙirga. Mai kwando ba ya ƙirga kwandonsa, Malam. A bayansa yake jin lissafin."

Ya ɗago ya dube ta. "Me ya hana ki faɗa?"

"Mai shara ta ce Gwani ba gwani ba ne? Wa za a kora a cikinmu? Ina da marayu a gida a lokacin. Na yi abin da ƙarfina ya kai, na ƙi sa tawada. Kada ka ɗauka kai kaɗai ne a ɗaure. Shekara goma sha tara ina goge gilashin nan kowace safiya, ina sanin abin da na sani. Kuma na ga matar da aka mayar daga bakin ƙofa. Da hagu ta share hawayenta."

Ta buɗe wani ƙaramin gwangwani, ta ciro robar goge fensir, ta ajiye kusa da katin.

"Ba zan goge maka ba. Wanda ya ɗaura, shi ke kwancewa."

Ya daɗe yana kallon robar. Bai taɓa ta ba. Ya tattara kabarsa ya fita.

Washegari da safe ya biya ya ɗauko Yaya. Amma ku ji halin ɗan Adam: da suka iso ƙofar makaranta, mai gadi ya ce kati, sai Gwani ya ce mata ta ɗan jira a benci, yana zuwa. Har a lokacin bai yanke shawara ba. Yana fatan wuta ta ɗauke, ko Shugaba ya fasa, ko wani abu ya faɗo daga sama.

"Je ka," ta ce. "Ni da bencin nan mun san juna."

Babu abin da ya faɗo. Zauren ya cika maƙil, ɗalibai har kan tagogi. Kwandon yana kan tebur, kwanon kaba a gefe, masu ɗaukar hoto sun durƙusa a gaba. Shugaba ya yi dogon jawabi a kan hannun da Allah ya yi wa baiwa, aka yi tafi, aka yi tsit.

Gwani ya zauna. Ya ɗauki basilla. Ya dubi ramin zagaye shidan nan, ya dubi ƙofar zauren, ya ga Mai Makulli tsaye a can baya, hannunta a harɗe. Minti ɗaya ya wuce, biyu suka wuce. Wani ya yi tari.

Sai ya ajiye basillar, ya fara warware bandejin. Ya warware shi kaf, ya ɗaga hannun sama, ya juya shi gaba da baya.

"Lafiyarsa ƙalau," ya ce. "Bai taɓa ciwo ba, sai hudar da na yi masa kwanan baya. Ban iya ɗinkin nan ba. Ban taɓa iyawa ba. Yayata ce ta saƙa kwandon nan, da hannun hagu, a kwana arba'in. Tana bakin ƙofa a zaune, ba ta da kati."

Ba a yi tafi ba, kuma bai cancanci tafi ba. Sai da bango ya haɗe masa ta ko'ina sannan ya faɗi gaskiya. Amma ya faɗa, da bakinsa, a gaban waɗanda ya shekara yana wulaƙantawa.

Fara'ar Shugaba ta ɗauke. Ya daɗe a tsaye, sannan ya ce a shigo da ita.

Yaya ta ratso zauren a hankali, ba ta dubi kowa ba. Ta kwance bakin zaninta ta ciro basillarta, wadda ƙotarta ta sha hannu har tana sheƙi. Ta ƙi kujera, ta zauna a ƙasa, ta ɗora kwandon a cinya. Da hannun hagun nan ya fara tafiya, ɗalibai suka riƙa hawa kan kujeru don su gani. Kafin azahar ta rufe zagaye biyu, kuma babu wanda ya iya nuna inda tsohon ɗinki ya tsaya, sabon ya tashi.

Kwamiti ya zauna wata biyu a kan Gwani. Aka karɓe shugabancin, aka karɓe ajin, aka soke takardar da kwandon ya ba shi. A rana ta ƙarshe ya miƙa katinsa na jami'a. Ita kuwa Yaya aka yi mata nata, aka roƙe ta ta riƙa zuwa sau biyu a mako tana nuna wa ɗalibai. Dokokin kuwa Shugaba ya ce a bar su yadda suke, masu kyau ne.

Ranar da ta fara sauka ma'ajiya, ta ƙirga matakalar tana mita. "Ashirin da biyu! Wa ya ce a binne kayan mutane da ransu?"

Mai Makulli ta buɗe mata gilashin. Yaya ba ta ko kalli gefen da ta gyara ba. Ta cire murfin, ta kifa shi, ta bi da yatsa daga tsakiya. Ɗaya, biyu, uku, har tara. Ga gurbin nan, ɗan mitsitsi, ko ƙwayar gero ba za ta shiga ba.

"Dokar ta ce abin da ya lalace ake gyarawa," in ji Mai Makulli tana danne dariya. "Nan ruwa bai taɓa ba."

"Ya lalace mana, tun ranar farko. Ke dai ba ni wuri."

Ɗinki uku. Kafin a sha ruwa a ajiye kofi ta gama. Ta datse kabar da haƙori, ta shafa wurin da babban yatsa, ta sauke wani dogon numfashi.

Mai Makulli ta ciro kati na 412. Wurin sunan fari ne fes, domin kafin Gwani ya miƙa katinsa ya sauko ya goge da hannunsa. Ta ɗauko alƙalami.

"Faɗi sunanki cikakke, da na mahaifinki."

Yaya ta faɗa. Mai Makulli ta rubuta a hankali, ta hura tawadar ta bushe, sannan ta kama yatsan Yaya ta bi da shi a kan baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, tana karanta mata.

"Wannan yana goguwa?" Yaya ta tambaya.

"Sai dai a ƙona katin."

Da ta fito bakin ƙofar makaranta, ta tarar da Auta zaune a bencin mai gadi, damin kabarta a cinyarsa. Shi ya rako ta, amma ba shi da katin shiga. Wuyan hannunsa a buɗe yake, iska tana bugunsa, fatar ta fara komawa kalar jikinsa.

Ya miƙe. "Yaya, ya kwandon?"

"Ya cika."

Ta karɓi damin, ta zaro tsagi goma ta miƙa masa.

"Gobe ka zo da wuri. Da damanka za ka fara, daga gindi, irin na kowa. In ya fito kamar hular da aka zauna a kai, taka ce, ka sa abarka."

Darasi: Zanen aro ba ya rufe katara, kuma katangar da ka gina don ka tsare ƙaryarka, kai za ta fara tsarewa. Duk wanda ya ɗora sunansa a kan gumin wani, ya sani da fensir aka rubuta, ko bayan shekara nawa ne. Idan akwai wadda hannunta ya ɗaga ka, kana can ciki ita tana benci, tashi ka shigo da ita tun kafin bango ya matse ka. Ku tura wa 'yan'uwa su karanta, musamman masu bandeji a lafiyayyen hannu.